Injin niƙa na ɗakin awo: mi ya sa ake maida abincin bisashe gari kafin a auna shi?

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani inji wanda yawancinku ba su taɓa gani ba, kuma ba wanda zai ce ku saye shi. Amma duk ranar da ƙungiyarku ta ba mu dussa, ko tunkuza, ko kanwa don a kai ɗakin awo a faɗa muku ingancinta, ta cikin injin nan za ta fara bi. Wanda ya san aikin injin zai san irin samfur da ya kamata ya kawo, kuma zai san girman maganar da ke cikin takardar sakamako in ta dawo.

Mi ke sa a kai abincin bisashe awo?

Daga watan Maris har faɗuwar damana, kowa ya san halin da a ke ciki daga Kanembakashe zuwa Urafan. Daji ya share, karan hatsi ya ƙare ko ya yi tsada, sai a koma ga saye. Mai turkar rago don sallar layya yana sayen dussa da harawa. Matar da ke da jar akuya mai tatsa tana neman tunkuza. Bankin abincin dabbobi na gari yana sayen buhu ɗari ko fiye a tashi ɗaya, da kuɗin jama'a.

Ido da hanci da hannu suna faɗa muku abu da yawa, kuma ba na raina su. Tsohon makiyayi ya kan gane harawar da ruwa ya taɓa tun daga nesa. Sai dai akwai abu ukku da ido ba ya iya aunawa. Na farko, yawan furotin, wato abin da ke gina tsoka da kawo nono. Karan hatsi yana da wajen kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, alhali tumbin saniya na bukatar aƙalla kashi 7 kafin ya narka abinci da kyau. Harawar wake mai ganye tana wuce kashi 10, ƴaƴan gawo ma haka nan, tunkuzar gujiya kuwa tana kai kashi 40 zuwa 50. Na biyu, yawan rairayin da ya shiga buhu, ko iska ta sa shi ko mutum. Na ukku, gubar fumfuna, wadda za mu tsaya kanta nan gaba.

Ɗakunan awon da ke wannan aiki sun fi yawa a Yamai da kewaye: na INRAN, wato ma'aikatar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, da na Jami'ar Abdou Moumouni, da na ICRISAT da ke Sadore. Daga Tasawa kusan kilomita 800 ne. Samfur da zai yi wannan doguwar tafiya, bai kamata ya zamanto an ɗebe shi da wasa ba.

Gram ɗaya ke yi wa buhu shaida

Ga inda maganar ta ke. Buhun kilo 50 gram 50.000 ne. Ku kuna kawo mana wajen rabin kilo. To ma'aikacin ɗakin awo, in zai auna furotin, abin da ya ke ɗorawa bisa sikeli bai wuce rabin gram ko gram ɗaya ba. Ɗan abin da za ka ɗauka da yatsu ukku ke nan, kamar gishirin miya. Shi ne za a dafa cikin ruwan asid, a auna azot ɗin da ke ciki, a ninka da 6,25, a ce ga furotin ɗin buhunka. Wannan dabara ta wani masani ce ɗan ƙasar Danmak mai suna Kjeldahl, tun 1883, kuma har yau ana aiki da ita.

Yanzu ku ɗauki damin harawa ku duba. Akwai ganye, akwai kara, akwai kowar wake, wani lokaci har da ƙwayar wake ɗaya biyu da ta tsere wa mai roro. Ganye ya fi kara furotin nesa ba kusa ba. In aka tsinci gram ɗaya haka nan ba a niƙa ba, ko dai a faɗa kan ganye zalla a ce harawarka ta fi ta kowa, ko a faɗa kan kara a ce ba ta da amfani. Duka biyu ƙarya ce. Amma in aka niƙe rabin kilon nan duka ya koma gari, aka gauraya, to cikin kowane gram ɗaya akwai dubban ƴan ɓarɓashi, na ganye da na kara da na kowa, kowane daidai da rabonsa cikin damin. Mata sun san wannan tun kafin mu: yajin da bai daku ba, wani ya ci barkono zalla, wani ya ci citta.

Akwai dalili na biyu. Ruwan magani ba ya ratsa tsaki da sauri kamar yadda ya ke ratsa gari. Shi ya sa aka daidaita a ko'ina cewa abincin dabbobi sai ya wuce rariya mai ido na milimita 1, domin sakamakon Yamai ya yi daidai da na Zariya ko na Dakar. Ko sabbin na'urori masu auna abinci da haske, ba tare da asid ba, suna ruɗewa in laushin garin ya bambanta.

Sai abu ya yi gautsi

Inji ba ya niƙa abu mai danshi, sai dai ya kirɓa shi. Ɗanyen haki kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne. Don haka a kan fara auna nauyin samfur, a sa shi cikin tanderu mai iska mai zafin digiri 60, ya yi wajen kwana 2, har sai kara ya karye ƙas in an lanƙwasa shi. Ba a ƙara wuta don a yi sauri. In zafi ya yi yawa, ganye ya soyu, wani sashe na furotin ya ɗaure, sakamako ya karkace. Ɗan kaɗan kawai a ke warewa a kai shi digiri 105, don a san iyakar ruwan da ke ciki.

Injunan kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane da abin da ya iya. Na haki da kara da harawa mai wuƙaƙe ne. Wanda ya fi suna shi ne Wiley. Cikinsa bai fi ƙaramar tukunya ba: wuƙaƙe na juyawa a tsakiya, wasu na kafe a bango, suna yanka kamar almakashi, rariya na ƙasa. Abin da ya yi laushi ya faɗa cikin kwalba, wanda bai yi ba ya ci gaba da zagayawa.

Abu mai gautsi kuwa, irin su kanwa, gishirin balma, dutsen lasa, ƙonannen ƙashi, busasshen ƙuliƙuli da ƙwayar hatsi, ba yanka ya ke so ba, bugu ya ke so. Wuƙa in ta haɗu da dutsen kanwa dakushewa ta ke. Shi a kan ba shi inji mai gudumomi, wanda ke maka shi da bango har ya tarwatse. In curin babba ne, kamar ɓarin kantu, sai a fara ɓarza shi tukuna. In kuma ana son a auna ma'adinai, irin su fosfor, kalsiyom, jan ƙarfe da tutiya, ana bukatar garin da ya fi haka laushi. Nan sai a zuba ɗan kaɗan cikin wani gwangwani na ƙarfe mai kauri tare da ƙwallo ɗaya ko biyu, a rufe, inji ya yi ta girgiza shi da ƙarfi. Cikin ƴan mintoci garin ya fito da laushi kamar kwalli. Inda ba wuta, turmin tangaran da taɓaryarsa na yin aikin, sai dai da wahala.

Kada a haɗa waɗannan da injin niƙa kara da ya fara yawa a garuruwanmu, wanda ke farfasa karan hatsi da ƴaƴan gawo don dabba ta ci ba ta bar saura ba. Shi aikinsa ciyarwa ne, idon rariyarsa manya ne, kuma ba a share shi tsakanin kayan wani da na wani.

Inda niƙa ke ɓata awo

Ma'aikacin kirki ya fi ɓata lokaci wajen share inji bisa ga niƙan kansa. Bayan kowane samfur sai ya buɗe, ya goge da buroshi, ya hure da iska, sau da yawa ma ya niƙa ɗan kaɗan na sabon samfur ya zubar kafin ya tara na gaske. Ku ɗauka an niƙa kanwa, aka bi da harawa ba a share ba. Takarda za ta ce harawarka cike ta ke da gishiri. Ƙarfen injin kansa yana cinyewa yana shiga gari. Don haka in baƙin ƙarfe za a auna ba a amfani da inji mai tsatsa, in jan ƙarfe ko tutiya ne ba a sa rariyar tagulla.

Wani kuskuren na mai gaggawa ne. Ganye shi ke fara wuce rariya, kara mai tauri ya rage a baya yana ta zagaye. In aka kashe inji aka zubar da saura, an zubar da kara an auna ganye. Dole duk abin da ya shiga ya fito.

Tunkuzar da mata ke matsewa da hannu ta fi ba da wahala, don akwai sauran mai cikinta. In inji ya yi zafi sai ta narke ta toshe rariya. A kan zuba ta kaɗan kaɗan, ana bari inji na hucewa, ko a fara cire man da magani.

Gubar fumfuna

Nan ne niƙa ya fi muhimmanci, kuma nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Gujiya, masara da angurya, in fari ya kama su a gona ko aka adana su da danshi, wata fumfuna na tsirowa kansu ta bar guba da a ke kira aflatoksin. An gano ta bayan 1960, shekarar da talotalo fiye da 100.000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil. A 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan cin masara mai wannan guba. Hanta ta ke ci. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta, kuma in an matse mai, mafi yawanta cikin tunkuza ta ke zama. Dabbar da ke cin kaɗan kaɗan kullum ba lalle ta faɗi ba. Sai dai ta ƙi ƙiba, nono ya ragu, cuta ta riƙa kama ta da sauƙi. Kaji da ƴan ƙananan dabbobi sun fi saurin jigata. Abin da ya fi tada hankali: saniya ko akuya mai tatsa in ta ci, kafin kwana ɗaya wani sashe na gubar ya fito cikin nono, nonon da a ke dama fura da shi a ba yara. In an daina ba ta abincin, nonon ya kan tsarkaka bayan kwana 3 ko 4.

A ƙasashen Tarayyar Turai, iyakar da doka ta yarda cikin kayan abincin dabbobi ita ce mikrogram 20 cikin kilo. Don ku gane ƙanƙantarsa: gram 1 ke nan cikin tan 50, wato buhu 500 na kilo ɗari ɗari. Na shanun tatsa ma kashi ɗaya cikin huɗu na wannan aka yarda.

To gubar nan ba ta bazuwa daidai cikin buhu kamar gishiri cikin miya. Tana taruwa cikin ƴan ƙwayoyi kaɗan. Misali, cikin ƙwaya dubu ɗaya ce ta lalace, amma ita kaɗai ta isa ta ɓata sauran. In ka ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu, mai yiwuwa ba ka dace da ita ba, takarda ta dawo ta ce lafiya lau, alhali guba na nan ƙasan buhu. Saboda haka samfur na neman aflatoksin ya fi sauran girma. Kada ya kasa kilo 2, in da hali a kai 5, an tsinto daga wuri da yawa. Ɗakin awo zai niƙe shi duka, ba rabi ba, ya gauraya, sannan ya ɗebi gram 20 zuwa 50. Mai niƙan yana rufe hanci da baki, domin ƙurar ma guba ce.

Ni dai shawarata, tunkuzar da ta yi kore ko baƙi, ko ta ke warin rumbu, ba ta bukatar zuwa Yamai. A haƙa rami a bizne ta. Wadda ta yi kyau a ido, aka saye ta da yawa don masu tatsa, ita ce ta cancanci awo.

Naku aikin

Inji komi kyansa abin da aka ba shi ya ke niƙawa. In buhu bai wuce 10 ba, a ɗiba daga kowane. Daga 10 zuwa 100, a zaɓi 10 nan da can, har da na ƙasa da na jikin bango, ba waɗanda mai kaya ya nuna ba. A yi amfani da ƙarfen nan mai rami da ƴan hatsi ke soka wa buhu, a soka sama, tsakiya da ƙasa, don rairayi ƙasa ya ke kwanciya. In harawa ce ko haki bisa rumfa ko cikin reshen itace, a zaro daga tsakiyar tari, kada a tsaya ga na sama wanda rana ta cinye. A yi shi da safe, a hankali, a bisa zane, domin ganyen da ya kakkaɓe ya shiga cikin samfur. Ƴaƴan gawo a kawo su da ƙwayarsu.

Abin da aka tara a zube shi bisa tabarma mai tsabta ko buhu, ba bisa ƙasa ba. A gauraya sosai, a baje, a raba huɗu da gicciye. A kwashe kashi biyu masu kallon juna ta kusurwa a maida buhu, a sake gauraya biyun da suka rage, a sake rabawa, har ya rage kamar rabin kilo. Kanwa da gishiri a fasa curi da yawa a ɗauki ɓari daga kowane, don kanwar kasuwa ɗaya ma wata fara ce wata rabinta ƙasa.

In ɗanye ne, a shanya shi a inuwa inda iska ke bi, a sa cikin jakar takarda ko ta zane. Leda sai ga abin da ya bushe ƙarau. Haki mai danshi cikin leda, bisa mota, cikin zafin Afrilu, kafin ya kai Dogon Dutsi ya fara ruɓa, abin da za a auna ba shi ne dabbarku ke ci ba.

Ina roƙonku kada ku niƙa mana samfur don ku rage mana aiki. Injin gari yana ɗauke da sauran hatsin wadda ta riga ku, faifansa na ƙarfe yana ci, kuma in tunkuzarku na da guba kun bar ta ga tuwon wadda za ta biyo baya. Turmin gida ya sha gishiri da kanwa da daddawa shekara da shekaru. Ban da haka, ma'aikaci na son ya ga kayan da idonsa kafin su zama gari, ya ga ko akwai ƙwari, tsakuwa ko fumfuna. Ƙashin dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya kuwa, kada a taɓa shi, kada a daka shi, don tsoron ciwon saifa. Ku kira ma'aikacin kiwo.

A cikin jakar a sa takarda mai sunan kayan, garin, ranar ɗiba, inda aka saye, yawan buhu, da abin da a ke son a nema. In karan da kuka jiƙa da takin ure ne, ku rubuta. Awon Kjeldahl azot ya ke ƙirgawa, bai san na ganye da na taki ba. Ure kashi 46 cikin ɗari azot ne, don haka ɗan kaɗan cikin dussa ya isa ya sa ta yi kamar ta fi ƙarfinta a takarda.

In takarda ta dawo

Da Faransanci a ke rubuto ta, da gajerun haruffa. MS shi ne abin da ya rage bayan an kore ruwa. Busasshen abinci a ƙasarmu ya kan kai 90 ko fiye. In ya sauka ƙasa da 86, kun sayi ruwa, kuma kayan ba za su ajiyu ba. MAT shi ne furotin. CB shi ne ɓawo da zaren da ke da wuyar narkewa. MM ita ce tokar da ta rage bayan an ƙone gari a digiri 550. Dussar alkama mai kyau tokarta wajen kashi 5 zuwa 7 ce. In kuka ga 15 ko 20, ku nemi a auna sashen da asid bai narkar ba, wannan shi ne rairayi.

Da waɗannan lambobi a ke ciniki. In tunkuza ta ba da 45, dussa ta ba da 15, kilo ɗaya na tunkuza ya yi kilo ukku na dussa wajen furotin. Sai ku gwada da kuɗin kowane a kasuwar Mayahi ko ta Tasawa a ranar. Ba ana nufin a cika wa rago kwano da tunkuza ba. Gram 200 zuwa 300 a yini sun ishe shi, tare da harawa da dussa da ruwa.

Ga kwamitocin bankin abincin dabbobi: ranar da kaya suka sauka, a ɗebi samfur gaban mai kaya da shaidu biyu. Bayan an gauraya, a raba shi ukku, a ɗaure kowane, a sa hannu bisa takardar da ke ciki. Ɗaya a ba ma'aikacin kiwo ya aika, ɗaya a ba mai kaya, ɗaya ya zauna wurin ma'ajin kwamiti, a wuri busasshe inda ɓera da gara ba su kai. In sakamako ya fito mai kaya ya musa, na ukkun nan shi a ke aikawa wani ɗakin awo na dabam, ba a kwance shi ba.